OECD Data Explorer: yana da amfani wajen bibiyar matasan malamai, amma sai da lura

Duk mai son sanin kason malaman sakandare 'yan ƙasa da shekara 30 a ƙasashe daban-daban, nan ne wurin farawa. OECD Data Explorer, rumbun alƙaluma na intanet na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, shi ya gaji tsohon rumbun OECD.Stat a 2024, kyauta ne, kuma alƙaluman da ke cikinsa su ne ake bugawa a rahoton Education at a Glance na shekara-shekara. Asalinsu tattarawar haɗin gwiwa ce ta UNESCO da OECD da Eurostat, hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai, don haka ma'aunin ɗaya ne ga kowace ƙasa.

Aikin ba wuya: a nemi teburin malamai bisa shekaru, a zaɓi matakin karatu bisa ISCED, tsarin duniya na rarraba matakan ilimi, wato ISCED 2 na ƙaramar sakandare ko ISCED 3 na babba, a zaɓi rukunin 'yan ƙasa da 30, sannan a sauke a CSV ko Excel. Kada a cakuɗa matakan biyu. Malaman babbar sakandare sun fi yawan shekaru a galibin ƙasashe, cakuɗawar sai ta ɓoye bambancin.

Hoton da ke fitowa a fili yake. A matsakaici, kusan malami ɗaya cikin goma ne bai kai 30 ba. Italiya da Portugal da Girka suna can ƙasa, Birtaniya kuwa tana sahun gaba.

Inda rumbun ya gaza shi ne ba ya faɗa maka dalili, alhali lambar kaɗai tana iya yaudara. A Jamus, bayan digiri na biyu sai an yi horon koyarwa na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a yawancin jihohi, Finland ma digiri na biyu take nema, saboda haka malami kan shiga aji yana dab da 30. Ƙarancin matasa a can ba lallai ne ya nuna ana gudun aikin ba. A Ingila kwas ɗin PGCE, na horar da malamai bayan digiri na farko, shekara ɗaya ne, kuma da yawa kan bar aikin cikin shekarun farko, sai gurbinsu ya koma hannun sababbi. Kaso mai yawa ke nan, amma ba abin tutiya ba ne.

Mai bin canji cikin shekaru ya kula da wajen 2013, lokacin da aka koma tsarin ISCED 2011 daga na 1997. Tsallen da aka gani a nan yana iya zama na sauyin ma'auni kawai. Alamomin gargaɗi kan wannan sauyi suna nan a teburin, sai dai ƙanana ne, ido kan tsallake su. Alƙaluman kuma kan yi jinkirin kusan shekara biyu.

Don neman dalilai, a haɗa da TALIS, binciken da OECD ke yi ta hanyar tambayar malamai da shugabannin makarantu, na 2008 da 2013 da 2018 da 2024, amma a tuna shi samfuri ne na kimanin makarantu 200 a kowace ƙasa, ba ƙidaya ba.