Bidiyon intanet da likitan haƙori: wa za ki bi kan ƙarfen haƙori?

Hajiya na ga tambayarki, kin ce haƙoran gaba na 'yarki mai shekara 13 sun turo, kin kalli bidiyo kala-kala a YouTube da TikTok kan ƙarfen nan da ake ɗaura wa haƙori, wai ko za ki iya dogara da su. Bari in jera miki bidiyo da likita gefe da gefe, don ni ma na sha kallo kafin a sa wa ƙanina.

Akwai inda bidiyo ya fi amfani gaskiya. Likita zai yi miki bayanin wanke baki cikin minti biyar, kafin ki isa gida kin manta rabi, amma bidiyo za ki maimaita sau goma ki ga yadda ake karkata buroshi sama da ƙasan wayar da ke haɗa ƙarfen, da yadda ake mulmula kakin nan da likita ke bayarwa a danna kan ƙarfen da ke yankar kumatu. Daren da bakin waya ya soki ƙanina a kunci, da bidiyo muka lallaɓa har gari ya waye muka koma asibiti. Masu ba da labarin kansu ma suna rage wa yara tsoro, 'yarki ta ji cewa ciwon na 'yan kwanaki ne bayan an matse ƙarfen, ta lallaɓa da kunu da fate ya wuce.

Amma batun ko tana buƙata, wane iri, za a cire haƙori ko a'a, nan bidiyo ba shi da ta cewa sam. Saiwar haƙori a cikin ƙashi take, ƙarfen kuma turawa yake a hankali ƙashin yana zaizayewa ta gefe ɗaya yana ginuwa ta ɗayan, shi ya sa likita sai ya ɗauki hoton eksire, ya duba dasashi, ya cike duk wani rami kafin ya fara. Mai bidiyo bai taɓa leƙa bakin 'yarki ba. Zai nuna miki yadda haƙori ya miƙe cikin sakan 30, ba zai ce miki aikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ba ne, da zaryar asibiti duk sati 4 zuwa 8, da abin riƙewar da za ta riƙa kwana da shi bayan an cire, in ba haka ba haƙoran su koma gidan jiya.

Waɗanda suka fi tayar min da hankali su ne masu koyar da ɗaura roba don rufe wushirya. Wallahi Hajiya kar ki bari ta gwada, robar zamewa take ta shige cikin dasashi ta lalata ƙashin har haƙoran su zube, ƙungiyar likitocin gyaran haƙori ta Amurka ta ja kunne a kan haka. Wasu kuma talla ce kawai. Kamfanin SmileDirectClub da ya cika intanet da tallan gyaran haƙori daga gida ya rufe a Disambar 2023 ya bar mutane a tsakiyar aiki.

In za ki kalla, duba wa ya yi bidiyon, likita ne mai suna da wurin aiki ko mai sayar da kaya. Duk abin da ya ɗaure miki kai ki rubuta a takarda, ki tafi da ita sashen haƙori na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, ki ce likitan da ya ƙware a gyaran jerin haƙori kike son gani. Shekarunta ma sun yi daidai da lokacin da aka fi farawa.