Hattara da masu tallar "soket ɗin zinare" na kayan sauti

Jama'a, duk mai amfilifaya da manyan lasifika a falo, da masu gidan kallon ƙwallo, da 'yan kwamitin masallaci masu kula da na'urar kiran salla, a buɗe ido. Akwai wasu da ke talla a Facebook da TikTok, daga nan su ja mutum zuwa WhatsApp. Abin da suke cewa shi ne soket ɗin bangonka ne ke danne sautin kayanka, su kuma suna da na musamman mai ruwan zinare, ɗan Amurka, wanda zai fito da ƙarar ganga ya kashe ƙugin da kake ji. Sai ka tura kafin alƙalami su turo yaronsu ya ɗaura. Wani maƙwabcinmu ya biya kuɗin da zai sayi soket masu kyau na gidan gaba ɗaya, a kan guda biyu kacal.

Bayan kwanaki soket ɗin ya fara ɗumi yana warin roba, aka kira mai gyaran wutar unguwa ya kwance shi a gabanmu. Ya ɗauko maganaɗisu daga wata tsohuwar lasifika ya kai kusa da haƙoran da aka ce zinare ne, nan take suka manne. Jan ƙarfe da tagulla ba sa bin maganaɗisu, zinare ma haka. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa fenti ruwan ɗorawa. Ya kankare guntun wayar da yaron ya ƙara da wuƙa, sai ga fari fat a ciki, wato alminiyom ne aka lulluɓe da ɗan jan ƙarfe. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wayar ƙasa, mai launin kore da ɗorawa. An datse ta, an naɗe bakin da salatif, an cusa a bayan akwati.

A nan dabarar take. Ƙugin nan da ake ji a lasifika sau da yawa yana zuwa ne idan an haɗa dikoda da talabijin da amfilifaya, kowanne da hanyarsa ta zuwa ƙasa, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta wayoyin sauti. In aka cire wayar ƙasa ƙugin na iya ɗaukewa, mai gida ya ga kamar aiki ya yi. Amma wayar nan ita ce ke kwashe wuta idan wani abu ya taɓa jikin ƙarfen amfilifaya daga ciki, ta sa fis ya tsinke. Babu ita, wanda ya riƙe makirfo ko yaron da ya dafa akwatin da jiƙaƙƙen hannu shi ne zai zama hanyar. Allah ya kiyaye.

Sannan batun "ɗan Amurka" da suke taƙama da shi. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, soket ɗinsu kuma an rubuta 125 a jikinsa. Tamu a Najeriya 230 ce, kuma tsarin Ingila muka gada: fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa, na amfiya 13, da fis a cikinsa. Don kayanka su shiga soket ɗinsu dole su yanke maka wannan fulogin su sa wanda ba shi da fis. Ka biya kuɗi an rage maka kariya biyu a rana ɗaya.

Ko da a ce zinaren gaske ne, ba zai ƙara wa sauti komai ba. Wutar da ta taso daga Kainji ko Shiroro, ta bi ɗaruruwan kilomita, ta ratsa taransifomar unguwa da wayoyin alminiyom na kan falwaya, ba ɗan yatsan ƙarfe na ƙarshe ne zai wanke ta ba. Amfilifaya ma tana da nata sashen da ke juya wutar ya tace ta kafin ta kai ga lasifika. Soket na amfiya 13 yana ɗaukar kusan wat 3,000, kayan sautin falo kuwa 'yan ɗaruruwa suke ci. Ba wani ƙunci da suke ciki.

To me ya sa wasu ke rantsuwa sun ji bambanci? Wani lokaci tsohon soket ɗin ne ya saki, yana tartsatsi, kowane sabo aka sa zai gyara. Wani lokacin kuma yaron ne ke ɗan murɗa ƙara yayin gwaji. Kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi daɗi, balle mutum ya riga ya biya.

Abin da ke ƙona kayan sauti a garuruwanmu sananne ne: a kawo wuta da ƙarfi bayan an ɗauke, ko wayar nutural ta tsinke a layi wuta ta haura har kusan bolt 400, ko janareta mai hawa da sauka. Maganinsu sitabilaiza mai kyau, da na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa ta kuma jinkirta kafin ta mayar, da sandar ƙasa da aka binne da gaske, da wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5 zuwa soket. Hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin lantarki ce ke ba masu wayarin takardar shaida, ba laifi ba ne ka ce a nuna maka.

Wanda suka riga suka yi wa aiki ya kashe wuta daga babban makunni, ya zare kayansa, ya kira mai gyara ya duba ko wayar ƙasa na nan a haɗe. A ajiye soket ɗin da rasit ɗin tura kuɗi da hotunan hirar WhatsApp kafin su goge, domin da su ake kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, da SON mai kula da ingancin kaya. Na maƙwabcinmu dai tuni lambarsu ta daina shiga, shafin kuma ya sauya suna, yanzu akwatin rage kuɗin mita suke talla.