Tsarin zaƙaƙurai ko layin kowa da kowa a jami'ar Amurka?

Ƙanena, ka ce wata jami'ar gwamnatin jiha a Amurka ta ba ka gurbin karanta injiniyanci, ta kuma gayyace ka shiga tsarinta na zaƙaƙuran ɗalibai, wanda suke kira onas, kana son sanin ko ka karɓa ko ka bi layin kowa da kowa. Allah ya sanya alheri. Ni a ganina ka karɓa, amma kada ka sa hannu sai ka san kuɗin da za a caje ka da makin da aka gindaya maka.

Digirin dai ɗaya ne. Ko ka shiga ko ba ka shiga ba, injiniyancin nan za ka karanta, a sashe ɗaya, da malamai ɗaya. Digirin farko a can wajen kiredit 120 ne, wato ma'aunin da ake ƙirga yawan darussan da ɗalibi ya yi, na injiniyanci yakan ɗara haka kaɗan, kuma ƙungiyar da ke haɗa irin waɗannan tsare-tsare a Amurka, wadda aka kafa a 1966, ta ba da shawarar darussan zaƙaƙurai su ɗauki kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na karatun ɗalibi. Ragowar duk tare da sauran jama'a za ka yi. Kada kuma ka haɗa wannan da darajar digiri irin ta Ingila, inda ake raba mataki na ɗaya da na biyu bayan an gama jarrabawa. Waccan sakamako ce, wannan kuwa hanya ce da ake bi tun daga shekarar farko.

Babban bambancin yana cikin aji. A manyan jami'o'in jiha, darasin lissafi ko kimiyyar sinadarai na 'yan shekarar farko yakan tara ɗalibai ɗari biyu, ɗari uku, har fiye, a ɗakin lacca guda. Farfesa yana can ƙasa da makirufo, masu duba takardunka kuwa ɗaliban digiri na uku ne da ke taimaka masa. Za ka iya cinye darasin da babban maki bai taɓa sanin fuskarka ba. A ajin zaƙaƙurai galibi ba ku wuce 20 zuwa 25 ba, ana zama ana muhawara, ana rubutu da yawa, ranar da ba ka yi karatun da aka ba ku ba kuwa babu bayan wanda za ka ɓuya. Wannan shi ne asalin abin. Frank Aydelotte, shugaban Kwalejin Swarthmore, shi ya kafa tsarin da ya yi suna a 1922, bayan ya ga yadda malami ke zama da ɗalibai ƙalilan a Oxford lokacin da ya yi karatu a can da tallafin karatu na Rhodes. Har yau a Swarthmore malamai ake gayyatowa daga wasu makarantu su jarraba waɗannan ɗalibai a ƙarshen karatunsu. Manyan jami'o'in jiha sun ɗauki ra'ayin ne don su riƙe haziƙan da ke tsere musu zuwa makarantun kuɗi.

Me sanayya da farfesa za ta amfana maka? Wasiƙar shaida. Ranar da za ka nemi digiri na biyu ko na uku, za a buƙaci malamai biyu ko uku su rubuta abin da suka sani game da kai. Wanda ya koyar da kai cikin mutum ɗari uku ba abin da zai iya faɗi sai makinka, wanda dama yana kan takardar sakamako. Wanda ya duba kundin bincikenka shekara guda zai faɗi yadda kake yi idan gwaji ya ƙi ci, kuma wannan ne masu tantancewa ke son ji. Kundin nan shi ne ƙashin bayan tsarin a yawancin wurare: ka zaɓi matsala, ka samo malamin da zai duba ka, ka rubuta, wasu wuraren har ka kare shi a gaban kwamiti. Ɗalibin layin kowa da kowa shi ma yana iya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ya nemi a ɗauke shi, kuma ana ɗauka. Bambancin kawai, shi sai ya tashi ya nema, kai kuwa dole aka yi maka.

Akwai wata gata da masu neman shiga ba su cika kula da ita ba, alhali na ciki ita suka fi yabawa: yin rajistar darussa kafin sauran ɗalibai. A jami'a mai ɗalibai dubu arba'in darasi yakan cika cikin ɗan lokaci, kuma a injiniyanci darussa a sarƙe suke, wannan sai an ci wancan. Ka rasa gurbi a guda ɗaya, sai ka ga zango guda ya ƙaru a kan shekarunka, da kuɗinsa. Ɗakunan kwana na musamman kuwa ba laifi, sun fi shiru, amma ba su kai dalilin yanke shawara ba.

Sai kuɗi, inda kowace jami'a take da nata hali. Kwalejin Macaulay ta birnin New York, wadda aka buɗe a 2001, tana ɗauke wa ɗalibanta kuɗin makaranta, amma mazauna jihar kaɗai. Kwalejin Schreyer ta Jami'ar Jihar Pennsylvania, wadda aka kafa a 1997 da kyautar dala miliyan 30 daga William da Joan Schreyer, tana ba waɗanda suka shigo daga shekarar farko tallafi duk shekara. Kwalejin Barrett ta Jami'ar Jihar Arizona kuwa ƙarin kuɗi take caja a kan na makaranta, haka ma Kwalejin Clark ta Jami'ar Oregon. Saboda haka kalmar gayyata ba ta nufin kyauta. Idan kuma ba ɗan Amurka ba ne kai, ka tace alkawuran da ke cikin takardar talla. Za su ce suna da ofishin da ke shirya ɗalibai neman manyan tallafin karatu, gaskiya ne, amma Marshall da Truman na 'yan Amurka ne, Goldwater ma sai ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin. Rhodes ce ta buɗe ƙofa ga ɗan kowace ƙasa tun 2018.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ana gindaya matsakaicin makin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba. A Schreyer 3.40 ne cikin 4.00, kuma a injiniyanci wannan ba wasa ba ne. Idan tallafinka a ɗaure yake da zamanka cikin tsarin, zango biyu marasa kyau za su iya raba ka da duka biyun. A nan ɗalibin layin kowa da kowa ya fi ka sakewa. Lokacin da kake fama da kundi, shi yana horon sanin makamar aiki a kamfani, ko yana ƙera mota da ƙungiyar ɗalibai, kuma kamfanin da ke ɗaukar sabon injiniya ya fi duba irin waɗannan a kan kalmar onas da aka ƙara a takardar sakamako. Wanda burinsa aiki da zarar ya gama bai yi asarar komai ba don ya ƙi shiga. Kai da ka ce kana hangen digiri na uku, lissafinka daban ne.

Fita daga tsarin ta fi shiga sauƙi, kuma wanda ya fita digirinsa yana nan, shi ya sa na ce ka gwada. Kafin nan ka rubuta wa ofishinsu ka tambayi ko aikin ƙarshe na injiniyanci zai iya tsayawa a madadin kundi, domin wasu jami'o'in sun yarda, wasu kuma sai ka yi duka biyun a shekara ɗaya. Ka kuma roƙe su su haɗa ka da ɗalibin injiniyanci ɗan shekarar ƙarshe da ke cikin tsarin, ka tambaye shi su nawa suka fara tare, su nawa suka rage.