TP-Link Archer C6 a gidajen haya na Kumasi: abin da yake gyarawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Duk mai zama a gidan haya a Aboabo ko Asawase, inda ɗakuna da yawa ke kallon tsakar gida ɗaya, ya san wannan ciwon kan. Da asuba intanet na gudu, amma bayan isha'i ko kiran bidiyo na WhatsApp sai ya riƙa daskarewa, alhali sandunan Wi-Fi a waya sun cika taf. Wani lokacin layin kamfanin sadarwa ne ya cunkushe. Sau da yawa kuwa matsalar tana cikin gida, tsakanin rauta (akwatin da ke raba Wi-Fi) da wayar hannu. A irin wannan halin ne masu shagunan Adum ke miƙo rauta Archer C6 na TP-Link su ce shi ne maganin. Magani ne, amma na ciwo ɗaya. Yana kuɓutar da kai daga cunkoson siginar maƙwabta, sai dai ba ya huda bango kuma ba ya ƙara wa layinka ko megabit ɗaya.

Kafin ka taɓa aljihu, ka gano inda tafiyar hawainiyar take. Jona kwamfuta da kebul kai tsaye a jikin akwatin da kamfani ya ba ka, na MTN ne ko na Telecel, ka auna gudun a fast.com da ƙarfe tara na dare. Sannan ka cire kebul ka sake aunawa ta Wi-Fi a wuri ɗaya. Idan kebul ya ba ka 40 Mbps, Wi-Fi ya ba ka 6, to iskar gidan ce ta cunkushe kuma sabon rauta zai yi amfani. Idan dukansu 6 ne, ajiye kuɗinka. Gwaji na biyu ya fi wannan tona asiri: a kwamfuta ka yi ping, wato aika ɗan saƙon gwaji don auna saurin amsa, zuwa adireshin rautar kanta, wanda yake rubuce a ƙasanta. Lafiyayyen Wi-Fi yakan amsa cikin 'yan milisakan kaɗan, ƙasa da 10. Idan ka ga amsa tana tsalle zuwa 200 ko 300, wasu ma suna ɓacewa, alhali saƙon bai bar ɗakin ba, babu ruwan kamfanin sadarwa.

Tushen matsalar zangon 2.4 GHz ne. Tashoshinsa 13 ne a mafi yawan ƙasashe, amma tazarar 5 MHz ce kawai tsakaninsu, ita kuwa kowace sigina tana cin faɗin 20 MHz. Shi ya sa uku ne kaɗai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Yanzu ka lissafa abin da ke gidan haya. Wannan ɗakin da MiFi (ƙaramin akwatin Wi-Fi na aljihu), wancan da TurboNet (akwatin intanet na MTN), ɗalibin ɗakin lungu ya kunna hotsufot a wayarsa, mai shagon ƙofar gida yana da kyamarar tsaro marar waya. Na'urorin da ke tasha ɗaya jiran juna suke yi, kamar layin bokitai a bakin famfo: naka ba ya samun ruwa sai na gaba ya ɗauke. Waɗanda suka zauna a tasha 3 ko 9 sun fi ɓarna, domin ba sa shiga layin, hayaniya kawai suke zuba wa tashoshin da ke gefensu biyu. Ga Bluetooth na lasifika da abin kunne, shi ma a 2.4 yake. Injin ɗumama abinci na maikurowef yana aiki a 2.45 GHz, tsakanin tasha 8 da 9, don haka idan bidiyo yana yankewa duk sanda aka kunna shi, ka san mai laifi. Har filashi da kebul na USB 3.0 marasa kyan rufi suna fitar da hayaniya a wannan zangon, abin da Intel ta yi bayaninsa tun 2012.

A nan Archer C6 yake cin kuɗinsa. Zango biyu gare shi, 2.4 da 5 GHz, da eriya huɗu a waje, da ramukan kebul biyar dukansu gigabit, ɗaya na shigowar intanet, huɗu na rabawa. Zangon 5 GHz fili ne mai faɗi, maikurowef da Bluetooth ba sa zuwa can, kuma siginar maƙwabci ba ta iya ƙetaro bangaye da yawa ta same ka. A ɗaki da falo, ko gidan da bango ɗaya ne tsakaninka da rautar, bambancin a fili yake: ping ya lafa, bidiyo ya daina tsayawa.

Lambar AC1200 da ke jikin kwalin kuwa ta talla ce. An haɗa 867 Mbps na 5 GHz da 300 na 2.4 ne aka cike. Babu wayar da ke amfani da duka biyun lokaci guda. Wayar da ke da eriya ɗaya a cikinta iyakarta 433 a 5 GHz, kuma abin da ke isowa hannu a zahiri wajen rabin haka ne ko sama kaɗan. Wannan ba aibi ba ne, ya fi ƙarfin layin yawancin gidaje. Abin da ya kamata ka bincika shi ne ko wayoyin gidan suna ganin 5 GHz ɗin ma. Wasu ƙananan wayoyi masu arha da tsofaffin talabijin 2.4 kaɗai suka sani. Idan irinsu ne suka fi yawa, rabin amfanin rautar ya tafi tun kafin a buɗe kwali.

Rauninsa na gaske bango ne. Bulon siminti yana shanye 5 GHz fiye da 2.4, bare dakalin bene mai rodi a ciki. Bango biyu na bulo sun isa su mayar da siginar abin tausayi. Ƙarfen taga, ƙofar ƙarfe, madubin jikin wadrob, firji da tankin ruwa duk suna tare ta. Saka manhajar WiFi Analyzer a wayar Android ka zagaya gidan kana kallon lambar dBm, ma'aunin ƙarfin sigina. Kusa da -50 lafiya lau, -67 ita ce iyakar da kiran bidiyo ke tafiya ba gargada, daga -75 zuwa ƙasa wahala ce. Wurin da mutane suka fi ajiye rauta shi ne mafi muni: a ƙasan teburin talabijin, bayan dikoda, jingine da lasifika, wayoyi sun nannaɗe eriyar, wani lokacin har an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Ɗaga ta sama da tsayin kafaɗa, a fili, aƙalla mita ɗaya ko biyu daga talabijin da firji, eriyoyin a tsaye. Akwai ramukan ratayewa a bayanta, ƙusa biyu sun isa.

Saitin ba wuya, ta manhajar Tether ko ta buɗe tplinkwifi.net, amma kada ka bar komai yadda ya zo. A ɓangaren Wireless, ba zangunan biyu suna daban, misali Gida da Gida5, don ka san inda kowace na'ura take. Idan sigar da ka samu tana da Smart Connect, tsarin da ke zaɓar wa na'ura zango da kansa, kashe shi tukuna, domin yakan mayar da waya 2.4 ba tare da ka sani ba. A 2.4, sa Channel Width a 20 MHz. Wancan 300 Mbps ɗin sai da faɗin 40 MHz ake samunsa, shi kuwa 40 a cikin zango mai cunkoso cin fili ne da ke cutar da kai da maƙwabta. Da 20 MHz lambar za ta sauka zuwa 144, ko 72 a waya mai eriya ɗaya, amma haɗin zai tsaya daram. Sai ka zaɓi tasha da hannunka cikin 1 da 6 da 11, wadda WiFi Analyzer ya nuna siginar maƙwabta ta fi rauni a kanta. Da dare za ka duba, lokacin da kowa ya dawo. Idan kicin yana kusa, tasha 1 ta fi nisa da maikurowef. A 5 GHz, tasha 36 zuwa 48 ta wadatar. Faɗin 80 MHz yana haɗiye huɗun gaba ɗaya, don haka idan wani a gidan yana can, sauka zuwa faɗin 40 MHz ku raba.

Wani abin da ake yawan mantawa a shago: Archer C6 ba shi da ramin saka SIM. Ba zai maye gurbin akwatin 4G ba, bayansa yake zama. Ni dai ina ganin wannan alheri ne. Akwatin 4G yana son bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi, Wi-Fi kuwa yana son tsakiyar gida, kuma akwati ɗaya ba zai zauna wuri biyu ba. Ka bar na kamfanin a taga, ka ja kebul zuwa Archer, ka sa shi a Access Point Mode, wato ya riƙa raba Wi-Fi kawai, sannan ka kashe Wi-Fi na akwatin farko. Idan ka bar shi a kunne, ka ƙara wa kanka maƙwabci mai hayaniya a cikin ɗakinka. Kebul ɗin ya zama Cat5e ko Cat6 na tagulla zalla, yana kai mita 100. Ka sa a matse wayoyi takwas ɗin duka a kan, domin idan ɗaya ta kuɓuce haɗin yakan faɗo zuwa 100 Mbps, ka yi ta zargin rauta a banza.

Ba shi da ramin USB, kuma Wi-Fi 5 ne, tsohon zubi. Wanda gidansa ke da faiba da sababbin wayoyi masu yawa gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki Archer AX23 mai Wi-Fi 6, wanda ya fi iya zama cikin cunkoso. Mai gida mai hawa biyu kuwa, rauta ɗaya ba za ta ishe shi ba ko wace iri ce. Ya ja kebul zuwa sama ya sa ta biyu a wata tashar daban. Ƙaramar na'urar maimaita sigina da ake jonawa a soket tana karɓa da aikawa a tasha ɗaya, sai gudun ya ragu kusan rabi, cunkoson kuma ya ƙaru.

Farashi yana bin dala, don haka ka tambayi shago biyu ko uku a Adum kafin ka biya. Duba lambar sigar a takardar da ke ƙasan na'urar, domin C6 iri-iri ne kuma tsarin shafin saitinsu ya ɗan bambanta. Ka tabbata adaftar ta asali ce, kuma kanta mai ƙafa uku ne irin soket ɗin Gana. Idan za ka haɗa masa ƙaramin batiri saboda dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, karanta bolt da amfiya da ke jikin adaftar ka sayi wanda ya yi daidai da su, domin wuta marar isa tana sa rauta ta riƙa mutuwa tana tashi, mutum ya ɗauka katsalandan ɗin sigina ne.