Maikrobayoloji ko Kimiyyar Gwajin Asibiti: Wanne Ɗalibin Kaduna Zai Cike?

Duk shekara, da zarar JAMB ta buɗe rajista, sai ka ga yaran da suka so likitanci amma makinsu bai kai ba sun karkata ga Maikrobayoloji, ilimin ƙananan halittu, da zaton ƙarshensa aikin ɗakin gwaje-gwajen asibiti ne. Iyaye ma haka suke ɗauka. Abin yana damuna ƙwarai, domin sai yaro ya yi nisa a karatu yake gane ba nan hanyar ta nufa ba.

Digirin Maikrobayoloji shekara 4 ne, ana yin sa a ABU Zariya da KASU, jami'ar jihar Kaduna. Amma ba ya bai wa mutum lasisin gwada jinin majiyyaci ya sa hannu a sakamako. Mai wannan hurumi shi ne wanda ya karanta Kimiyyar Gwajin Asibiti, digirin BMLS: shekara 5 a jami'a, shekara 1 ta horon aiki, sannan rajista da MLSCN, hukumar da ke ba masu gwajin asibiti lasisi. ABU tana koyar da shi, ga asibitin koyarwa na Shika inda ake goge hannu. Gurbinsa kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Duk da haka, wanda zuciyarsa ke asibiti, na fi ba shi shawarar ya sake zama JAMB a kan ya karɓi kwas ɗin da zai yi ta cizon yatsa a kansa.

Kada wannan ya sa a raina Maikrobayoloji. Fagensa ya fi faɗi, sai dai ba a shimfiɗa wa mutum tabarma, shi zai nemo wurin zamansa. Kamfanonin ruwan leda da na gora, masu sarrafa madara da abinci, masu haɗa magani, duk suna bukatar wanda zai tabbatar kayansu ba su gurɓata ba. Akwai hukumar NAFDAC, akwai kuma NITR, cibiyar binciken cutar barci da sammore, wadda hedikwatarta ke nan cikin Kaduna. Mai sha'awar ilimin garkuwar jiki, yadda jiki ke gane cuta ya yaƙe ta da yadda allurar rigakafi ke aiki, ya sani a digirin farko ɗanɗano kawai zai samu. Zurfinsa sai a digiri na biyu, don haka ya shirya wa doguwar tafiya tun yanzu.

Bayokemistiri na wanda ya fi son sinadarai ne fiye da ƙwayoyin cuta, kuma matsalar lasisin nan tana kansa shi ma. Kwas ɗin SLT, wato fasahar ɗakin gwajin kimiyya, na Kadpoly kuwa, ND shekara 2 da HND shekara 2, ya dace da mai son aikin hannu da wuri, amma shi ma ba ya maye gurbin BMLS.

Tsakanin ABU da KASU fa? ABU tsohuwa ce, tun 1962, ta tara manyan malamai da tsofaffin ɗalibai a ko'ina, sai dai aji kan cika. KASU an kafa ta a 2004, kuma yaron Kawo ko Unguwar Rimi zai iya zuwa daga gida, a huta da kuɗin haya da na abinci. Ga iyaye da dama wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da ya fi sunan makaranta muhimmanci shi ne ɗakin gwaji. Wannan ilimi da hannu ake koyon sa: a shafa samfur a faranti, a ajiye shi a na'urar ɗumama a zafin digiri 37 ya kwana, washegari a ɗauko a rina a duba a madubin likita, ko ƙwayoyin sun fito shuɗi-shuɗi ko ja-ja. Idan wuta ta ɗauke cikin dare babu janareta, aikin ya lalace. Kafin a cike fom, a samu ɗalibin aji uku a sashen a tambaye shi: mutum nawa ke raba madubi ɗaya, wa ke sayen sinadaran aikin kammalawa, kuma ina 'yan ajinsu suka samu gurbin SIWES, wato horon aiki na ɗalibai? A kuma duba ko NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta amince da kwas ɗin, idan BMLS ne a haɗa da amincewar MLSCN.