Kan sarkin ya yi kyau, amma an ninke min Josephine Baker

Tun da na ga hoton kan sarkin da hukumar gidan wayar Amurka ta fitar a watan Yulin 2008 don tunawa da tsofaffin finafinan baƙaƙen fata, raina ya biya. Kala biyar ne, kowanne santi 42, fostocin finafinan ne aka ƙanƙanta. Na yi odar shafi mai guda 20 a wajen wani mai sayarwa a intanet, na biya kuɗin aike da ya kusan kamo kuɗin kayan.

Mako biyar ina jira. Ranar da saƙon ya iso, tun ganin ambulan ɗin gabana ya faɗi. Ƙarami ne, ba kwali a ciki, ba leda. Bawan Allahn nan ninke shafin ya yi biyu kamar takardar biyan kuɗin wuta! Layin ninkin ya ratsa ta kan Josephine Baker, alhali saboda ita na saya. Fim ɗinta na 1935, Princess Tam-Tam, a Faransa aka shirya shi, ta fito a matsayin makiyayiya 'yar Tunisiya. Na danne shafin da littattafai kwana uku, layin na nan daram.

Da na huce na zauna na duba sauran, gaskiya an yi aiki. Launin bai dusashe ba ko kaɗan. Ga Duke Ellington a Black and Tan na 1929, ga Hallelujah na wannan shekarar, ɗaya daga cikin finafinan farko da babban kamfani ya yi da baƙaƙen fata zalla. Ga Caldonia na Louis Jordan, 1945. Mafi tsufa shi ne The Sport of the Gods na 1921, wanda aka ɗauko daga littafin Paul Laurence Dunbar. Har na ce a raina tauraro huɗu zan ba mai sayarwar.

Sai na tura masa hoton ɓarnar. Bayan kwana shida ya amsa, wai ai ana iya manna su a wasiƙa a haka. Wa ya ce masa wasiƙa zan aika? Firam na saya tun kafin kayan su zo, ga shi can jingine a bango ba komai a ciki. Tauraro biyu na ba shi, kuma kan sarkin Oscar Micheaux, mai shirya finafinai, da aka fitar a 2010, a wajen wani zan nema.