Gargaɗi ga masu sana'ar abinci a Sakkwato: hattara da mai cewa zai zana muku robarku ta kanku

Assalamu alaikum. Na yi makonni ina juya maganar nan a raina kafin na yanke shawarar rubuta ta, domin babu daɗi mutum ya fito bainar jama'a ya ce an cuce shi. Amma shekaranjiya wata ƙawata da ke Mabera ta turo mini hoton wata tallar robar zuba abinci tana tambaya ko ta shiga. Hoton kuwa na san shi kamar yunwar cikina. Nan na gane mutumin da ya cuce mu da tayin zana roba bai daina ba, suna da lambar waya kawai ya sauya.

Ni mai dafa abincin biki da suna ce a Runjin Sambo. Duk mai wannan sana'a ta san girki ba shi ne ciwon kanmu ba, mazubi ne. Ki dafa tuwon shinkafa da miyar sure mai rai da lafiya, ki zuba a robar tekawe, ki jera hamsin a bayan Keke Napep, kafin a kai Arkilla na ƙasa sun lotse, murfi ya ɗage, manja ya bi ya ɓata sauran. Mai biki ba ta san wannan ba, sunanki kawai za ta kira. Ga kuma wahalar murfi: ki sayo roba ɗari a Babbar Kasuwa, wani satin ki ƙaro wata ɗari mai kama da ita sak, amma murfin wannan ya ƙi hawa waccan. Wannan ƙaiƙayin ne mutumin ya gano, shi ya sosa mana.

Kafin azumi aka sa shi a wani zauren WhatsApp na masu abincin sayarwa. Ya ce shi injiniya ne mai zana kayan roba, yana da hanya a wata masana'anta a Sharaɗa ta Kano, da wata a ƙasar Sin. Abin da ya tallata shi ne roba mai shigewa cikin 'yar uwarta idan babu komai a ciki, mai zama daram a kan murfin ta ƙasa idan an cika, murfinta yana kamawa da ƙara "ƙas", sannan sunan sana'arki a jikin murfin, zubi ɗaya da robar, ba sitika ba.

Har gida ya zo. A zaure ya zauna, maigidana yana wurin. Ya fito da wata roba shuɗiya, ya ce a kawo ruwa. Ya cika ta, ya danna murfin, ya kifa ta a kan tabarma, ya ɗaga ta ya girgiza. Ko ɗigo. Ya jera shida a kan juna ya tura da yatsa, ba su goce ba. Sannan ya ce, "Hajiya, ranki shi daɗe, Legas ta hana farar robar kumfa tun Janairun 2024. Dokar nan tana tafe har nan. Wadda ta riga ta mallaki mazubinta ita za ta ci kasuwa." Maganar Legas gaskiya ce, an hana ɗin. Da irin wannan guntuwar gaskiyar yake lulluɓe ƙaryarsa.

Bayan kwana huɗu ya dawo da samfuri mai sunan sana'ata a murfi, harafi ya fito ɓaro-ɓaro. Wallahi da na riƙe shi sai da idona ya ciko. Shekaru ina wahala a bakin murhu, yau ga sunana a jikin kaya. Daga nan ban ƙara tambayar komai ba.

Kuɗin ba a tashi ɗaya ya karɓa ba. Farko naira 45,000 kuɗin zane. Sai ya ce mol, wato ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffa, ya fi ƙarfin mutum ɗaya, mu haɗu mu goma sha biyu kamar adashe, kowa 250,000. Ana tsakiyar azumi ya turo bidiyon wani inji yana tofo robobi, ya ce namu ne ake gwadawa. Ana saura mako guda Sallah ya ce kaya sun iso tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, sai kowa ta ƙara 80,000 a fito da su, in ba haka ba kuɗin ajiya zai hau. Ni kaɗai 375,000. Mu goma sha biyu, miliyan huɗu da rabi.

Bayan Sallah aka kira ni daga tasha na aika aka ɗauko kwali huɗu. Tun kafin na gama yage salatif wani wari kamar na ƙonanniyar leda ya buge ni. Robobi ne sirara irin na kasuwa, waɗanda ma ba zan saya da kuɗina ba. Murfinsu wani ya yi sako-sako, wani sai an danne da gwiwar hannu, in ya shiga kuma bakin robar ya tsage. Sunana yana nan, amma a sitika, wadda ko ba a jiƙa ta ba gefenta ya fara ɗagowa. Na kira shi ya ce kuskuren masu lodi ne, zai gyara. Washegari waya a kashe. Da yamma ya fice daga zauren.

Abin da ya fi kuɗin ci mini rai shi ne mutum uku cikin goma sha biyun nan ni na jawo su. Ɗaya mijinta ya rasu, da sayar da masa da fura take riƙe da marayu biyar, kwasar adashenta ta shekara ta zuba. Ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, "Allah ya isa" kawai ta ce, kuma ba da ni take ba. Amma har yau in mun haɗu a wurin biki ba na iya haɗa ido da ita.

Akwai ɗan yayata da ke aikin injin roba a Kano. Da ya zo gida na zube masa komai a gabansa. Ya ɗauki samfurin nan mai sunana, ya juya gindinsa, ya kai shi wajen hasken taga, ya goga farce a gefensa. Sai ya ce, "Inna, wanga ba zubin mol na ba. Mi ya hana ki kira ni?" Ya miƙo mini ya ce in goga nawa farcen. Sai na ji layi-layi sirara, kamar an jera zare a kan zare. Ya ce ƙaramin injin da ke buga abu daga zanen kwamfuta ne ya yi shi, hawa-hawa, kuma guda ɗaya yana iya cin sa'o'i. Robar da ta fito daga mol santsi gare ta, kuma in kin duba, yawanci a tsakiyar gindi, za ki ga ɗan tabo kamar cibiya, nan ne ƙofar da narkakkiyar roba ta shiga. Samfurina ba shi da cibiya. Ya sa aka tafasa ruwa ya zuba a ciki, muna kallo bakin ya karkace. Irin robar da aka fi yin wannan bugu da ita tun wajen digiri 60 take fara laushi, miyar da aka sauke daga wuta kuwa ta wuce haka nesa. Shuɗiyar da ya yi wasan ruwa da ita a zaure, wadda bai taɓa bar mini ba, ɗan yayata ya ce ba shakka mai kyau ce ya saya a shago.

Daga nan ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun farko, shi ne nake so ku ma ku ji. Zana roba mai hawa kan juna aiki ne na gaske, akwai masu yin sa tsakani da Allah, amma zane a waya ba shi ne kaya ba. Jikin roba ba a yin sa a miƙe sak, ana ɗan karkata shi, kamar digiri 1 ko 2 ko fiye, sama ta fi ƙasa faɗi, don ta fita daga mol kuma ta shige cikin 'yar uwarta. In karkatar ta tafi haka kawai ba a yi ɗan tudu a ƙarƙashin baki ba, sai su cushe cikin juna su ƙi rabuwa, irin yadda muke fama da wuƙa muna ɓamɓarewa ranar biki. Murfi kuma dole a yi masa kwarmi daidai faɗin gindin robar, shi ne ke riƙe ta sama kada ta zame. Nauyin abinci a gefen murfi da bangon roba ya kamata ya sauka, ba a tsakiya ba, in ba haka ba ta ƙasa ta lotse.

Wurin da na fi daɗewa ina tambayarsa shi ne dalilin da murfi ke ƙin shiga. Ya ce roba tana tsukewa in ta huce bayan ta fito daga mol. Irin wadda ake yin mazubin abinci mai zafi da ita tana raguwa da kamar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. A murfi mai faɗin milimita 150, wannan ya kai milimita ɗaya da rabi zuwa 3, alhali ɗan leɓen da ke kama bakin roba ya ba da ƙarar nan "ƙas" bai kai haka kauri ba. Shi ya sa mai sassaƙa mol sai ya san ainihin irin robar da za a zuba kafin ya taɓa ƙarfe, kuma shi ya sa murfin wata masana'anta ba ya zama a kan robar wata. Roba da mol ɗinta, murfi da nasa, tare ake auna su. Mutumin da ya ce mana mol ɗaya zai fitar da roba da murfi da sunaye goma sha biyu daban-daban, bai taɓa ambaton cewa kowane suna sai an sassaƙa masa nasa ɗan ƙarfen da ake cirewa a sauya ba. Da mun san wannan kaɗai, da tambaya ɗaya ta kwance masa zani a kasuwa.

Ya kuma nuna mini lambar da ke cikin ɗan alwatika a gindin roba. Lamba 5 ita ce irin robar da ake kira PP, wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 160, ita ce aka saba yi wa abinci mai zafi. Lamba 1 ta gorar ruwa ce, ruwan zafi yana lanƙwasa ta. Lamba 6 ita ce dangin farar kumfar nan da kuma mai ƙyalli da ke tsagewa da an matsa. Waɗanda aka aiko mini ba lamba, ba alamar kofi da cokali mai yatsu da ke nuna an yi su don abinci, ba sunan masana'anta. Ga warin nan. Ya ce yana zargin tsohuwar roba ce da aka niƙa aka sake narkawa, wadda ba a san me aka taɓa zubawa a cikinta ba. Ko kyauta ba zan zuba wa ɗan wani abinci a ciki ba, balle in sayar wa wata ta zuba.

Don Allah duk wadda aka zo wa da irin wannan tayi, kafin ki tura ko sisi, ki ce a kai ki masana'antar, ko ki tura ɗa ko ƙane ya gani da idonsa. Kano ba nisa gare ta ba in aka kwatanta da 375,000. Mai gaskiya zai ba ki robobin gwaji da suka fito daga mol ɗin kansa, da yawa, ba guda ɗaya ba, ki kai gida ki zuba miya mai zafi da manja, ki jera goma, ki ɗora a bayan babur a zaga da su cikin ranar Sakkwato, sannan ki cakuɗa murfin ki ga ko kowanne yana hawa kowacce. A rubuta a takarda wa ya mallaki mol ɗin da inda za a ajiye shi, a gaban shaidu. Ki sa a duba sunan kamfanin a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, kuma ki lura da sunan da ke fitowa in kin sa lambar asusu. Namu sunan kamfani daban, sunan asusu na wani mutum daban. Na gani a lokacin, na tambaya, ya ce na akawunsa ne, na yarda. Haka kuma da farko ya ce a Kano za a yi aikin, daga baya kaya suka ɓullo ta Apapa, babu wadda ta tsaya ta ce yaya aka yi haka, domin kowa tana tsoron kuɗin da ta riga ta zuba.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun rubuta wa ofishin EFCC na nan Sakkwato, kowa ta sanar da bankinta. Wadda abin ya taɓa shafa kada kunya ta sa ta yi shiru, ta adana rasit ɗin tura kuɗi da saƙonnin murya, kada ta goge komai, ta kai su.

Ga yadda za ku gane shi ko da wane suna ya zo. Hoton tallarsa robobi shida ne shuɗaye a jere kan farin tebur. Bidiyon injin da yake turawa, in kun tsayar da shi kusa da ƙarshe, robobin da ke faɗowa zagayayyu ne, alhali masu kusurwa huɗu yake tallatawa. Yana fara neman mace ɗaya da ake jin maganarta a zaure, ya yi mata samfuri mai sunanta kyauta, ita ta jawo sauran. A tayin da ya yi wa ƙawata ta Mabera ya rage kuɗin zane zuwa 30,000, ya ce mutum biyu kawai suka rage a cike gurbi, kuma ranar Juma'a zai rufe.